Ruwa garau amma kifi na mutuwa: yadda nake auna iskar kabon a kwami



Yau maganar ruwa za mu yi, kuma zan fara da asarar da na tafka, don a kanta na koyi abin da zan faɗa muku.

Shekarar da na fara rainon 'ya'yan tarwaɗa a nan Zauro, ina da kwami biyu na siminti a bayan gida da ramin ƙasa guda a bakin fadama. Na sayo 'yan ƙanana dubu biyu, ba su wuce mako uku da ƙyanƙyasa ba, na zuba a kwami ɗaya. Kwana na huɗu bayan sallar asuba na leƙa da tocila, sai na tarar sun taru a sama, wasu sun tsaya a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, ba kuzari. Abin da kowa ya koya mini shi ne in kifi ya canza maka, ka canza ruwa. Na zubar da fiye da rabi, na tada inji, na tura tiyo har ƙasan kwamin don kada ƙarfin ruwa ya wujijjiga su, na cika da sabon ruwan bohol mai sanyi, garau, har kana ganin ƙasan siminti. Na koma ɗaki hankalina kwance. Kafin hantsi na kwashe matattu sun fi ɗari uku, kuma washegari da na sake yin haka aka sake kwasa.

Na zargi mai ƙyanƙyasar, na zargi abincin, har wani ya fara kawo mini maganar baki. Ruwan kuwa ko kusa ban kawo shi a raina ba. Ruwan da muke sha a gida ne fa.

Wani dattijo masunci, abokin mahaifina daga wajen Argungu, ya biyo gaisuwa a kwanakin. Na kai shi ya gani. Ya tsaya ya dubi tiyon da ke nutse a ƙasan kwami, ya ce: "Ɗana, ruwan ga da kaka gani garau, matacce na. Bai ga rana ba, bai sha iska ba, mi kihi zai shaƙa cikinai? Bar shi ya kwana, ko ka zubo shi daga bisa." Na ce to Baba, na gode. A zuciyata na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Sai da na samu kayan awo daga baya na gane cewa abin da ya faɗa da baki, shi ne lambobin suka nuna.

Mece ce iskar kabon?

Ita ce iskar da kake fitarwa in ka yi numfashi. A jikin kwalin kayan awo za ka ga an rubuta CO2. Ita ce kuma gas ɗin da ke cikin lemun kwalba, wanda ke yin "tsss" in ka buɗe. Riƙe misalin lemun nan da kyau, don ya ƙunshi rabin darasin: iskar tana narkewa a ruwa ba ka ganinta, tana sa ruwan ɗan tsami, kuma in ka girgiza ko ka bar shi a buɗe sai ta fice.

A kwami, kifi na fitar da ita. Ragowar abinci da kashin kifi da ke ruɓewa a ƙasa na fitar da ita. Kashin kajin da wasunmu ke zubawa a rami don ruwa ya yi kore, shi ma in yana ruɓewa ita yake fitarwa, kuma yana cin oksijin a kan hanya. Sai kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ratso ƙasa da saiwoyi ya kwaso ta, ya zauna a rufe kamar lemun da ba a buɗe ba. Shi ya sa ruwan bohol da na rijiyar fadama sau da yawa yake fitowa da kabon mai yawa, oksijin kuma kaɗan ko kusan babu. Idan bohol ɗinka na barin jan tsatsa a jikin tanki ko bokiti bayan ruwan ya zauna, wannan ma alama ce cewa ruwan ya fito daga inda babu iska.

Yadda take cutar da kifi shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Kifi yana karɓar oksijin ta jan naman nan mai kama da matsefi da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa, kuma ta nan yake zubar da kabon ɗin jininsa. In ruwan da ke kewaye da shi ya riga ya cika da kabon, na jikinsa ba ya samun hanyar fita. Jinin sai ya ɗan yi tsami, jini mai tsami kuma ba ya iya ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Christian Bohr, ya bayyana wannan halin na jini tun 1904. Ma'ana, ko da akwai sauran oksijin a ruwan, kifin na iya shaƙewa. In kuwa oksijin ya yi ƙasa kabon ya yi sama a lokaci guda, to duka biyu ne suka haɗu masa.

Wani zai ce ai tarwaɗa na shaƙar iskar sama. Gaskiya ne, tana da wata gaɓa a cikin kai mai kama da reshen bishiya da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take rayuwa a taɓo, shi ya sa kuma muka fi son kiwonta. Amma gaɓar ba ta gama fitowa sai bayan 'yan makonni da ƙyanƙyasa, don haka 'yan ƙanana da ruwa suka dogara. Babbar ma in tana yawan hawa sama don neman iska, ƙarfin da ya kamata ya zama nama ne take ƙonewa, cin abinci ya ragu, kai kuma kana ta lissafin buhu. Karfasa kuwa ba ta da wannan gatan ko kaɗan. Tarwaɗa ta hau ta ɗauki iska ta koma, wannan ɗabi'arta ce. Amma in ta rataye a sama ta ƙi komawa, akwai magana.

Abin dariya, akwai mutanen da kuɗi suke kashewa su sayi wannan iskar su tura a ruwa. Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, waɗanda ke shuka ciyayi a ciki ya zama kamar lambu, suna saye ta a tukunyar gas, don tsiro da ita yake haɗa abincinsa in akwai haske. Wani ɗan Japan mai suna Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, shi ya yi fice wajen yaɗa wannan salon a duniya. Su burinsu kabon ya kai wajen miligiram 30 a kowace lita saboda ciyayin, kuma sun san in ya zarce kifin zai fara haki, don haka suna aunawa kullum, da dare kuma yawancinsu kashe gas ɗin suke yi. Hanyoyin awon da zan nuna muku, da yawa daga wurinsu na ɗauko. Mu dai bambancinmu da su, kyauta muke samun iskar, har ta fi ƙarfinmu.

Ramin ƙasa mai koren ruwa kuwa lambun ne sak, sai dai ba gilashi. Koren nan gansakuka ce 'yar mitsitsi, tsiro ne. Da rana tana shan kabon tana fitar da oksijin. Rana na faɗuwa sai ta daina, ta koma numfashi kamar kowa, tana cin oksijin tana fitar da kabon. Kifi na yi, ƙwayoyin ruɓa na yi, ita ma tana yi, dare guda cur. Shi ya sa ruwa ya fi muni daf da fitowar rana, ya fi kyau wajen la'asar. Duk wanda ya auna ruwansa da azahar kawai ya ce lafiya lau, bai ga ruwansa ba tukuna. Masunta sun san wannan tun kafin a zo da kayan awo: in rani ya yi, ruwan fadama ya janye ya bar tafkuna, da sassafe ake ganin kifi na buɗe baki a sama.

To yaya ake aunawa?

Akwai kayan awon kabon kai tsaye, inda ake ɗiga wani magani a ruwa sannan a riƙa ɗiga na biyu ana ƙirgawa har ruwan ya koma ruwan hoda. Yana da kyau in ka samu. Ni dai ban cika ganinsa a shagunan kayan kiwo na kusa da mu ba, don haka na koma hanyar da ake haɗa awo biyu masu sauƙin samu: pH da KH.

pH ma'aunin tsami ne. Matanmu sun san shi a madafa ba tare da sunan ba: in miyar yakuwa ta yi tsami a jefa kanwa ta kashe shi. Ma'aunin daga 0 zuwa 14 yake, 7 ne tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Ka taɓa ganin yadda zoɓo ke canza launi in kanwa ta taɓa shi? Haka maganin awon yake aiki, launi yake canzawa, sai ka gwada da katin da ke cikin kwali. Kifinmu ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5. Tunda kabon na sa ruwa tsami, duk lokacin da ya ƙaru pH sauka yake, in ya ragu pH ya hau. In kana son ganin wannan da idonka, ɗiga maganin pH a rabin kofin ruwa, ka sa tsinken shan lemu ka yi ta hurawa a ciki. Cikin minti ɗaya ko biyu launin zai juya zuwa ɓangaren tsami. Numfashinka ne ya yi wannan. Na nuna wa yaran gidanmu, har yau suna ce mini mai dabo.

KH kuma ni ina kiransa ƙarfin ruwa, wato iya adadin sinadaran dangin farin dutse da ke narke a ciki masu tare tsami. Awonsa ɗigo ne: ka ɗebi ruwa zuwa layin da ke jikin 'yar kwalbar, yawanci mililita 5, ka riƙa ɗiga magani ɗaya bayan ɗaya kana girgizawa, kana ƙirga, har launi ya juya, yawanci daga shuɗi zuwa rawaya. Adadin ɗigon shi ne KH ɗinka. Amma karanta takardar da ke cikin naka kwalin, don kamfanoni na bambanta. Wasu kayan suna ba da amsa da miligiram ne. In haka ne raba lambar da 18, za ka samu KH na ɗigo. Misali 72 ya zama 4.

In ka samu lambobin biyu, sauran lissafi ne na ɗan firamare. Kowane pH yana da lambar da za ka ninka KH da ita, amsar ita ce kabon a miligiram cikin kowace lita. Kwafe wannan ka manna a bangon kwami:

pH 6.0, ninka KH da 30
pH 6.2, ninka da 19
pH 6.4, ninka da 12
pH 6.6, ninka da 7.5
pH 6.8, ninka da 5
pH 7.0, ninka da 3
pH 7.2, ninka da 2
pH 7.4, ninka da 1.2
pH 7.6, ninka da 0.75
pH 8.0, ninka da 0.3

Daga 8.3 zuwa sama kusan babu sakakken kabon a ruwan, ba sai ka wahalar da kanka da lissafi ba.

Ga abin da na samu ranar da na fara gwada bohol ɗina. A bakin tiyo, pH 6.2, KH 2. Biyu sau 19, 38 ke nan. Masana kiwon kifi suna son a zauna ƙasa da 10. Daga 10 zuwa 20 a sa ido, musamman da asuba. In ya haura 20 kuma oksijin ya yi ƙaranci, matsala ta zo, 'yan ƙanana kuma su ke fara faɗuwa. Babbar tarwaɗa na iya jure fiye da haka nesa, amma jurewa daban, girma daban. Ni kuwa ruwa mai 38 na tura wa 'yan mako uku, ta ƙasan kwami yadda ko iska ba zai taɓa ba, a daidai lokacin da suka fi galabaita. Da na ga lambar nan sai na zauna a bakin kwamin na yi shiru. Da hannuna na yi.

A ramin fadama kuma, KH 4 ne. Da asuba pH 6.8, wato wajen 20. Da la'asar pH 8.6, kusan babu. Rami ɗaya, rana ɗaya.

Akwai wani abu a lissafin nan da ke rikita mutane, ni ma ya rikita ni. Mutum biyu za su iya samun pH iri ɗaya amma kabon ɗinsu ya sha bamban. Mai KH 2 da pH 7.0 yana da 6. Mai KH 10 da pH 7.0 yana da 30. Dalili, ruwa mai ƙarfi sai kabon ya taru sosai kafin ya iya jawo pH ɗinsa ƙasa. Don haka in wani ya ce maka "pH ɗina 7 ne, ba ni da matsala", tambaye shi KH. Awo ɗaya ba ya ba da amsa.

Lissafin yana da inda yake ƙarya, kuma gara in faɗa muku. Ya ɗauka cewa kabon ne kaɗai ke kawo tsami a ruwan. In akwai wani tsamin daban, kamar na ruɓaɓɓen ganye da karan shinkafa da ya sa ruwa ya yi launin shayi, ko tsohon ruwan da ake ta juyawa ta matata ba a canzawa, to pH zai sauka ba don kabon ba, lissafin kuma ya ba ka lamba mai ban tsoro wadda ta wuce gaskiya. A nan gwajin bokiti ke shigowa, kuma shi na fi yarda da shi a duk hanyoyin.

Ɗebi ruwan a bokiti, auna pH nan take, rubuta. Sai ka samu bokiti na biyu ka yi ta sheƙa ruwan daga wannan zuwa wancan, daga sama, kamar mai fifita kunu, na minti goma ko fiye. In ba ka gaggawa, bar shi a buɗe a inuwa ya kwana. Sake auna pH. In bai motsa ba ko ya ɗan motsa kaɗan, kabon ba shi ne matsalarka ba, nemi wani dalilin. In ya hau, abin da ya fice kabon ne, don sauran nau'in tsami ba sa bin iska. Kuma hawan yana da ma'ana: hawa na 0.3 na nufin kabon ɗin farko ya ninka na yanzu sau biyu, hawa na 0.5 sau uku, hawa na 1 cif sau goma. Nawa daga 6.2 ya koma 7.2 bayan ya kwana. Daga 38 zuwa wajen 4, ba magani, ba ko sisi. Abin da Baba ya ce ke nan, bar shi ya kwana ko ka zubo shi daga bisa.

Wurin ɗibar ruwan awo ne mutane suka fi ɓata aikin. In ka kamfato da kofi ka zuba a wani kofin, ka taka zuwa ɗaki, ka tsaya gaisawa da maƙwabci, kabon ɗin ya riga ya fara gudu, lambar da za ka samu ta fi gaskiya kyau. Nutsa kwalbar a hankali har wajen gwiwar hannu, bari ta cika ba kumfa, rufe ta tun tana cikin ruwan, ka auna a nan bakin kwami. Lokaci biyu: bayan sallar asuba kafin rana ta fito, da kuma bayan la'asar. Launi kuma da hasken tocila mai rawaya yaudara yake yi, nemi farin haske ko ka ɗan jira gari ya fara wayewa. KH ba ya saurin canzawa, sau ɗaya a mako ya isa, sai kuma bayan ruwan sama mai yawa, don ruwan sama ba shi da ƙarfi, yana tsarma na rami.

Maganar kayan aiki. 'Yar takardar nan da ake tsomawa ta fi arha, amma da yawansu tsallen rabi-rabi suke yi, daga 6.5 sai 7.0. Ka duba jerin da ke sama, tsakanin waɗannan biyun ninki uku ne. Ta isa ta nuna maka bambancin asuba da la'asar, ba ta isa lissafi ba. Na ɗigo ya fi, musamman wanda katinsa ke tafiya 0.2 a tsakanin 6.0 da 7.6. Akwai kuma na batir mai kama da biro. Yana da daɗin aiki, amma sai ana saita shi da garin da ake haɗo shi da shi, kuma in bakinsa ya bushe sai ya fara faɗin abin da ya ga dama. Na taɓa shafe mako ina bin lambar ƙarya saboda haka. Zafinmu na Kebbi ma yana kashe magungunan awo, kada ka bar su a taga ko a aljihun babur. Nawa a gindin randa suke zama. Duba ranar lalacewa kafin ka biya.

Masu akwatin gilashi suna da wata 'yar kwalba da suke mannawa a cikin ruwa, mai ruwan magani a ciki: shuɗi in kabon kaɗan ne, kore in ya kai wajen 30, rawaya in ya yi yawa. In ka ci karo da ita za ta yi maka aiki a kwamin raino, sai dai ka tuna abu biyu. Koren da su suke murna da shi, a wurinka gargaɗi ne, shuɗi kake so. Sannan tana jinkirin awa ɗaya zuwa biyu kafin ta nuna canji.

Idan lambar ta yi sama, me za a yi?

Fara da tiyo. Ɗaga shi daga cikin ruwa. Ruwan bohol kada ya shiga kwami a ɓoye, ya faɗo daga sama yana fantsama. Ni na huda tsofaffin robobi uku na jera su sama da juna a kan katako, ruwa na zuba a na sama yana tsiyaya zuwa na ƙasa kafin ya faɗa kwami. Kwando ma ya yi, bututu mai ƙananan huji ma ya yi. In kana da tankin ajiya buɗaɗɗe, cika shi da yamma ka yi amfani da shi gobe. Tankin roba mai murfi da ƙaramin baki ba ya sakin iskar da sauri, kada ka dogara da cewa ruwan ya kwana a ciki, auna shi. Wannan fantsamar aiki biyu take yi a lokaci guda, tana korar kabon tana shigar da oksijin. Mai injin hura iska kuma ya sani, daga tsakar dare zuwa fitowar rana ne aka fi buƙatarsa. In sola kake amfani da ita ba batir, injin naka yana aiki ne a lokacin da gansakuka ta riga ta wadata ruwan, yana barci a lokacin da kifi ke neman ceto.

In ka tarar da su a sama da asuba, kada ka ba su abinci. Narkar da abinci na ƙara musu buƙatar oksijin, abin da suka bari kuma ya ruɓe ya ƙara kabon. Fantsama ruwa, zuƙe dattin ƙasa da tiyo, jira rana ta ɗaga su dawo hayyacinsu.

A ramin ƙasa, tsoma hannunka har gwiwa. In tafin hannunka ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwa, koren ya yi yawa, dakatar da kashin kaji, rage abinci, sauya wani ɓangare na ruwan. Na san masu haɗa kaji da kifi ba sa son jin wannan, don taki kyauta ne a wurinsu, amma ni na daina zuba shi kai tsaye. A buhu nake ɗaurawa in rataya a gefe, in ruwa ya yi kore yadda nake so in cire. Kainuwa ma in ta rufe fuskar rami tana hana haske shiga, tana hana iska fita. Kore mai yawa yana da wata illar da la'asar: pH na iya haura 9, a nan kuma ammoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta fi yin lahani. Ramin da ke lilo daga 6.5 da safe zuwa 9.5 da yamma yana gajiyar da kifi ko bai kashe shi ba.

Maganin wannan lilon shi ne ƙara ƙarfin ruwa. In KH ɗinka 1 ne ko 2, ruwan ba shi da abin tare tsami. Garin farin dutsen nan da masu kajin ƙwai ke sawa a abinci don ɓawo ya yi ƙarfi, shi ne maganin, kuma irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti ne. Yana narkewa a hankali, ba ya ƙona kifi. A rami an fi barbaɗa shi a ƙasa kafin a cika ruwa. A kwami ana iya sa tsakuwarsa a buhu a inda ruwa ke zubowa. Ka nemi KH ya kai 3 zuwa 8. Amma ka kiyayi ƙonannen farin dutse, irin wanda ake jiƙawa a shafa a bango. Shi yana cinye kabon nan take, gaskiya, amma yana iya harba pH sama da 11 ya kashe komai. Wannan na tsabtace rami ne lokacin da babu kifi. Toka da kanwa ma kada a kwatanta zuba su da ka, don kawai na yi misali da miyar yakuwa.

Lokutan da na fi sa ido a shekara uku ne. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, don ruwan zafi ba ya riƙe oksijin sosai: ruwa mai zafin digiri 20 na iya riƙe wajen miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7.5, ga shi kifi da ruɓa duk sun fi sauri a zafi. Sai Agusta in hadari ya rufe rana kwana biyu ko uku a jere, gansakuka ba ta samu ta yi aikinta ba amma da dare tana ci. Sai kuma ranakun da hazon hunturu ya yi kauri. A irin waɗannan ranakun nakan rage abinci tun kafin kifin ya nuna mini.

Masu ɗauko 'ya'yan kifi daga nesa, irin su New Bussa ko Ibadan, ku ma abin ya shafe ku. A cikin leda ko jarka, kabon taruwa yake awa bayan awa, pH na sauka. Da ka buɗe, kabon ya fara fita, pH ya hau, ammoniyar da ta taru a hanya ta farka. Don haka kada a buɗe leda a bar kifi zaune a tsohon ruwan ana hira. A ɗora ta a rufe a kan ruwan kwami minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, in an buɗe a ɗan haɗa da ruwan kwami, a sake su ba ɓata lokaci, tsohon ruwan kuma a zubar waje. Kwamin da za su shiga ya kasance an cika shi tun jiya.

Yanzu ina da ɗan littafi rataye a ƙusa kusa da kwami. Kwanan wata, pH na asuba, pH na la'asar, KH ranar Juma'a, da yadda suka ci abinci. Bayan wata biyu na lura duk ranar da lambar asuba ta sauka ƙasa da 6.8 a ramin fadama, cin abincin ranar raguwa yake, tun kafin in ga ko ɗaya a sama.

Ruwan kowa daban ne, ko a unguwa ɗaya bohol biyu na iya bambanta saboda zurfi. 'Yan uwa na Ambursa, Gwadangwaji, Gulma da Birnin Kebbi da ke da kayan awo, ku gwada na bokitin nan a kan ruwanku, ku turo mini lamba uku: pH a bakin tiyo, pH bayan ya kwana, da KH. Ku haɗa da zurfin rijiyar in kun sani.